Zanin Mama Falmata

Tun ranar da kuka fara zuwa koyon aiki wurin nan na lura kuna zunɗen durowata. Kun ga tsofaffin wayoyi jibge a ciki, wata gilashinta ya tsage, wata an ɗaure murfinta da roba, kuna cewa Oga Sabo ya koma sana'ar bola. Ku yi dariyarku, da ina shekarunku ni ma da na yi. Amma tunda yau an ɗauke wuta, janareta kuma ya yi fushi da mu, ku jawo kujeru in gaya muku abin da ya sa ba na sakin aiki sai ya bi ta cikin wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya.

Ku a ganinku aikin duka danna maɓalli ne. Ka zana mutum, ka sa masa ƙashi, ka motsa shi, ka danna, ya fito a shafin intanet yana daga hannu. Haka masu koyarwa a bidiyo suke nuna muku, cikin minti goma, har da kiɗa. Ba sa nuna muku abin da yake faruwa tsakanin kwamfutarku da wayar wata mata da ke zaune a Karmo, wadda batirinta ya kumbura, data kuma saura ƙiris. A wannan tsakanin na tsufa.

Ni da fenti na fara. Ina rubutu a bayan motocin haya a tashar Utako, ina zana kawunan aski a allon masu gyaran gashi. Wani mutumin Kafanchan, Oga Iliya, yana da ɗan ofis a saman bene kusa da tashar, yana yin tallan talabijin na zane mai motsi. Ya ga wani zakara da na zana a jikin motar masu kaji, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, wannan zakara yana so ya yi tafiya. Zo in nuna maka yadda za ka bar shi ya tafi." Na bi shi ina murna, na ɗauka ranar zan taɓa kwamfuta. Sai da na yi wata huɗu ban taɓa ta ba. Kullum da safe zai miƙo mini takarda da fensir ya ce in sauka tasha in kalli yadda mutane suke tafiya. Mai ɗauke da buhu daban, ɗan kamasho daban, mace mai ciki daban. In na kawo zanen zai duba ya ce, "Wannan ba shi da nauyi. A iska yake tafiya. Koma." Na tsani mutumin nan a lokacin, Allah ya sani. Yanzu ba ya duniya, kuma duk abin kirkin da hannuna ya iya daga wurinsa ne.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai, tallan abincin kaji ne, kaza tana tafiya taku shida ta tsinci tsaba. Kowane motsi da hannu na zana shi. Kwana tara na yi a kan taku shidan nan. Daga baya filogin ya zo, wato ƙaramar manhajar nan da ake liƙa wa babbar, wadda kuke wasa da ita kamar an haife ku da ita. Ita ce take sa wa zane ƙashi da gaɓoɓi. Ka ja tafin hannu, gwiwar hannu ta bi da kanta, ka ja ƙugu, ƙafafu su lanƙwashe. Ranar da na fara gani sai na tuna kazata. Abin da ya ci mini kwana tara ya koma aikin bayan la'asar.

To amma sauƙin iyakarsa cikin kwamfuta. Da kwastomomi suka daina son bidiyo, suka ce zanen ya shiga cikin shafi ko cikin manhajar waya, kuma kada ya fi hoto ɗaya nauyi, sai wahala ta dawo ta wata ƙofar. Irin fayil ɗin nan mara nauyi ba hoto ba ne, layuka ne da lambobi, waya ce take karantawa ta zana mutumin da kanta. Kuma bai san lissafin da filogin yake yi ba. Bai san cewa gwiwa tana bin ƙafa ba. Dole ka gasa motsin, kamar yadda muke cewa, wato ka sa kwamfuta ta rubuta inda kowace gaɓa take a kowane ɗan lokaci. In ka gasa, fayil ya kumbura. Sai ka zauna kana tsince lambobin da ba a bukata kamar mai tsintar shinkafa, ka cire wannan ka duba, ka cire wancan ka duba. Ka cire da yawa, mutumin ya riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ka bar da yawa, waya ta yi zafi ta tsaya.

Akwai wani kamfani da ya ba ni aikin zana wani Alhaji mai babbar riga yana gaishe da masu shiga shafinsu. Daƙiƙa huɗu ne duka. Yaron da suka sa ya kula da aikin, mai taye har a ranar Asabar, ya dawo mini da shi sau bakwai. "Oga, ya yi hebi, ka rage nauyin." Na rage. "Oga, yanzu kuma rigar ba ta kaɗawa, kamar kwali." Na ce masa kaɗawar ita ce nauyin, ya zaɓi ɗaya. Ya ce shi duka yake so, kuma gobe. A wannan aikin na gane wani abu da ba wanda ya rubuta shi a ko'ina: waɗanda suka ƙera filogin ɗin nan masu wando ne. Duk tunaninsu ƙafa biyu ce, kowace da hannun wandonta. Ba su san babbar riga ba, ba su san zani ba, ba su san hijabi ba. Mu kuwa kusan duk wanda za mu zana yana cikin yadi ne daga sama har ƙasa. Don haka kowane mai wannan aiki a garin nan yana da dabararsa ta yaudarar yadi. Tawa dabarar ita ce taga. Nakan shimfiɗa zanen atamfa murabba'i guda, sannan in yanka wata siffa mai kamar zani in ɗora a kai, atamfar ta riƙa bayyana ta cikin siffar kawai, kamar yadda kake ganin waje ta taga. In siffar ta motsa da ƙafafu, sai ka rantse zani ne yake kaɗawa. Ba ta da nauyi, tana da kyau, kuma ina alfahari da ita.

Da wannan dabarar na shiga aikin da ya karya ni. Wata ƙungiya ce mai kula da lafiyar mata masu ciki. Suna da 'yar manhaja da suke sa wa matan da ke zaune a Kuchigoro, waɗanda rikici ya koro daga arewa maso gabas, tana tuna musu ranar awo da alamomin da ke nuna a garzaya asibiti. Mai kula da aikin, Madam Rifkatu, mutuniyar Filato ce, mace mai kirki da saurin magana. Ta ce mini sun gwada zanen wata nas da suka samo a intanet, matan ba su ko kalle ta ba.

"Ba su san ta ba, Oga Sabo," in ji ta. "Amma akwai wata mama a can, ungozoma ce, rabin yaran wurin ita ta karɓe su. In ta ce a tashi, ana tashi. Ita nake so ka zana. Fuskarta sak."

Haka na san Mama Falmata. Na same ta zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta, doguwa, siririya, da tsage uku a kowane kumatu, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Gajeren hijabi iya ƙugu, zanin atamfa shuɗi da ruwan ɗorawa. Ba ta so abin ba. Ta ce ita ba 'yar fim ba ce. Madam Rifkatu ta yi ta lallashi, ta ce don rayukan mata ne. Sai ta juyo ta kalle ni.

"Kai ne mai zane?"

"Ni ne, Mama."

"To ka ji. Ni da na fito daga garinmu ban ɗauko komai ba. Gida ya ƙone, mijina yana can a ƙasa. Mutuncina kawai na zo da shi, shi ya sa mazan nan suke bari in shiga ɗakin matansu. Ka sa mini sutura yadda ka gan ni."

Na ce mata in sha Allahu ko ɗan yatsa ba zai fito ba. Na ɗauki hotonta ta gaba da ta gefe, na sa ta yi tafiya daga ɗaki zuwa bakin famfo sau biyu ina kallo. Tana ɗan jan ƙafar hagu. Har wannan na sa.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne wurin. Filogin ɗin da nake aiki da shi ya zo da jikin mutum shiryayye, na mace da na namiji, ƙashi da komai a haɗe, don kada ka wahala. Na macen yana da ƙafafu a buɗe tun daga tafi har sama da cinya, da ɗan guntun wando. Abin da ya kamata in yi, na sani sarai, shi ne in yanke naman ƙafafun daga ƙwauri, in bar ƙashi kawai a ƙarƙashin zani, tunda tafin ƙafa kaɗai ake gani. Oga Iliya bai taɓa zana abin da riga za ta rufe ba. Aikin minti ashirin ne. Amma a makon ina da ayyuka uku a wuya, bayana yana ciwo, idona yana ruwa. Na ce ai zani ya rufe, wa zai gani? Na canja wa ƙafafun launi ya dace da fatarta, na ɗora tagata a kai, na gasa, na tsince, na fitar. Na gwada a wayata, lafiya lau. Na gwada a ta Madam Rifkatu, lafiya lau. Aka nuna wa Mama Falmata a wayar Madam, ta ga kanta tana tafiya zuwa asibiti tana yafito mata, ta rufe baki tana dariya ta ce har jan ƙafar ban bar mata ba.

Kwana biyar bayan an raba manhajar, da hantsi, Madam Rifkatu ta kira ni. Ko gaisuwa babu.

"Oga Sabo, kana ina? Ka bar duk abin da kake yi ka zo Kuchigoro yanzu. Plis, kada ka tambaye ni komai a waya."

Da na isa ta ja ni bayan rumfar da ake awo, ta karɓi wayar wata mai ciki ta miƙo mini. Tsohuwar waya ce, irin wadda ake saye hannu na uku. Na buɗe. Ga Mama Falmata nan, tsagenta, tabaraunta, hijabinta iya ƙugu, tana murmushi tana yafito. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu zani. Wayar ba ta iya karanta tagar ba, sai ta yar da ita da atamfar gaba ɗaya, ta zana abin da ya rage. Ƙafafun nan suna tafiya a fili, ta hagu tana ɗan ja.

Na zauna a kan bulo ban san na zauna ba. Na tambayi wayoyi nawa ne haka. Madam ta ce kusan duk na wurin, ai ba wanda yake da irin tawa ko tata. Ni da na yi shekaru ina cika baki cewa na san aikin nan, ban taɓa tambayar kaina wace waya ce a hannun mutanen da nake yi wa aikin ba.

Gyaran bai ɗauke ni awa ɗaya ba. Na yanke ƙafafun, na watsar da tagar, na zana zanin da launi ɗaya. Amma mun yi manhajar ne yadda za ta yi aiki babu data, don haka fayil ɗin yana zaune a cikin kowace waya, ba ya canjawa sai an sake saukewa, kuma ba mai datar ɓatawa. Sai na ɗauki kwamfutata na tare a shagon cajin waya, tunda duk wayar unguwar sai ta kwana ko ta wuni a can. Mai shagon ya ba ni benci. Duk wanda ya zo karɓar waya in roƙe shi, in goge tsohon in sa sabon. Mako uku na yi a kan bencin nan, sauran ayyukana duka suka tafi, ƙungiyar ma ta sallame ni da takarda mai ladabi. Wannan ita ce shekarar da na sayar da babbar kwamfutata. Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da na gano a kwana na huɗu: wasu samari sun riga sun ɗauki abin a bidiyo, sun sa masa kiɗa, yana yawo daga waya zuwa waya. Bidiyo kuwa ba ni da hannun da zai kai gare shi.

Na yi ta kewaye ɗakinta ina jin tsoro, sai ita ta aiko a kira ni. Na same ta a kan tabarmar nan dai. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Malam mai zane, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka taɓa ganin ƙafafuna?"

"Subhanallahi, Mama. Ban taɓa ba."

"To na wa ka zana?"

Na gaya mata gaskiya. Na ce ba na kowa ba ne, da su kayan aikin ya zo, wani ne can a wata ƙasa ya zana su, ni launi kawai na canja.

"Wato ba nawa ba ne, kuma ba kai ka yi ba. Amma ni ake nunawa da baki." Ta gyara tabaraunta. "Ka je ka faɗa musu. Mata da maza. Da bakinka, ba da na Madam ba."

Na je. Ranar awo na tsaya gaban mata na buɗe kwamfuta, na nuna musu 'yar tsanar da filogin ya zo da ita, fara fat babu fuska, da ƙafafun nan a jikinta. Wasu suka yi salati, wasu suka kawar da kai. Bayan la'asar na je inda maza suke zama a gindin bishiya na maimaita. Na ce laifina ne, lalacina ne, baiwar Allah nan ba ta san komai ba. Sun saurare ni har ƙarshe, ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da na fi jin sauƙi. Wani dattijo ya ce, "Mun ji, Malam, kuma mun yarda. Ba wanda ya ce ta yi wani abu." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai an riga an gani."

Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya ce mata uffan. Kawai kiran ne ya riƙa raguwa. Wannan ya ce matarsa ta je asibiti kai tsaye, wancan ya kira wata ungozomar da ba ta kai ta iyawa ba. Madam Rifkatu ta gaya mini a wani taron suna, na jaririn da ita ta karɓa, wasu 'yan mata sun bi bayanta suna kwaikwayon tafiyar suna ƙyalƙyala dariya. Ba ta juyo ba. Daga ranar ta daina zuwa rumfar awo, ta aika a ce a cire fuskarta daga manhajar. Wani suka ba aikin, ba ni ba.

Kusan shekara biyu ban sake ganinta ba. Wata safiya na je tashar Utako aika saƙo, sai na hango ta zaune a kan benci kusa da motar Maiduguri, da jakar bagko ɗaya a gabanta. Ta rame. Na yi niyyar wucewa, ƙafata ta ƙi. Na je na durƙusa.

"Mama, ina kwana. Sabo ne, mai zane."

"Na gane ka. Ina iyali? Ina aiki?"

"Alhamdu lillahi. Tafiya za a yi?"

"Zan koma wurin ƙanwata. A nan ba ni da abin yi kuma."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun tuni, Allah ya yafe mana duka, kuma na ji a muryarta da gaske take. Har ta tambaye ni ciwon bayana, wanda sau ɗaya na taɓa ambata mata. Muna cikin maganar ne na ga hannunta ya sauka a hankali. Zaninta ya riga ya kai har idon sawu, amma ta kama bakinsa ta ƙara jawo shi ƙasa, ta rufe 'yan yatsun ƙafarta da suka leƙo ta cikin silifa, ta riƙe shi a nan. Ba ta ma san ta yi ba. Hannun bai saki ba har ɗan kamasho ya kira fasinjoji, na ɗauki jakarta na kai mata bakin mota.